Faɗuwar Darajar Manyan Motoci: A Yi Lissafi Kafin A Yi Tayi

Abin da ya sa muka kawo zancen mota a wannan fili, inda aka saba jin wa'azi da tarbiyya, wani abu ne da ya faru a gabanmu nan Kafin Hausa. Kwanakin baya, bayan an tashi sujada, dattawan ikilisiya suka zauna a kan maganar abin hawan da za a riƙa kai ziyara ƙauyuka da shi, a kuma kai marar lafiya asibiti in ciwo ya tashi da dare. An daɗe ana tara kuɗin nan, baiko bayan baiko, har zumuntar mata ma sun kawo tasu gudummawar daga adashi. Ana cikin shawara sai wani ɗan'uwa ya zaro waya, ya nuna hoton wata doguwar mota baƙa wul, mai fulogi shida, kujerunta na fata. Ya ce wani dillali a Kano ya tabbatar masa za a sallama ta a kuɗin da bai kai na ƙaramar Corolla ba. Nan da nan fuskoki suka washe, har wani ya ce ai wannan buɗi ne daga Allah. Sai wani tsohon direba a cikinmu, wanda ya yi shekaru yana jan motar haya tsakanin Haɗeja da Kano, ya yi gyaran murya ya ce, "Dattawa, ku gafarce ni, tambaya ɗaya gare ni. Me ya sa mai ita yake gudunta?"

Wannan tambaya ce muke so mu bi diddiginta yau, domin mun san ba a wurinmu kaɗai ake irin wannan zama ba. A Dutse, a Gumel, a Birnin Kudu, akwai ikilisiyar da ke son ta saya wa fastonta mota, akwai ma'aikacin da ya karɓi kuɗin sallama yana neman inda zai sa su, akwai kuma magidancin da motarsa ta fi ƙarfinsa yana neman mai saye. Dukansu suna jin ana cewa manyan motoci masu ƙarfin inji sun faɗi. Maganar gaskiya ce, amma da sauran bayani a bayanta, kuma wanda bai san sauran bayanin ba shi zai biya kuɗin arahar.

Yadda muka zama masu hawan tsofaffin motoci

Dattawanmu sun ga zamanin da ma'aikacin gwamnati kan karɓi rancen mota ya sayi sabuwa dal. Kamfanin Peugeot na Kaduna ya fara harhaɗa motoci a 1975, kuma 504 ɗinsa ta cika hanyoyin Arewa. A farkon shekarun 1980 naira ɗaya ta fi dalar Amurka ɗaya daraja. Da gwamnatin Janar Babangida ta kawo shirin gyaran tattalin arziki a 1986, naira ta karye, sabuwar mota ta fi ƙarfin mai albashi. Tun daga nan muka koma ga motocin da Turawa suka gama hawa, waɗanda wasu ke kira Beljiyam, wasu tokumbo, wasu kuma Kwatano, saboda tashar jirgin ruwan Kwatano ta ƙasar Binin da ake sauke su, a biyo da su ta Maraɗi zuwa Katsina da Kano.

Ba mu kaɗai ba ne. Wani rahoto da hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018, ƙasashen Turai da Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14 zuwa wasu ƙasashe, kuma Afirka ce ta kwashi kaso mafi girma. A cikinsu har da motocin da aka ƙera don gudu da alfarma: Mercedes da BMW masu babban inji, Lexus, Range Rover, da Honda Accord ko Toyota Camry masu fulogi shida. A can inda aka yi su ma, irin waɗannan motoci sun fi ƙananan saurin zubar da daraja, domin da zarar sun tsufa gyaransu yakan ci kuɗi. Mu a nan abu ɗaya ne ya rufe mana wannan aibu shekara da shekaru, wato arahar man fetur. Muddin gwamnati na biyan tallafi, mai babbar mota bai cika jin nauyin abin da take sha ba.

Abin da ya karya su

Ranar 29 ga Mayu 2023, a jawabinsa na kama mulki, Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare. Litar da ake saye wajen N185 zuwa N195 ta haye N500 cikin kwana biyu. A watan Yuli na shekarar ta kai N617 a Abuja, kuma a Oktoban 2024 ta wuce N1,000 a wurare da yawa. A 2025, bayan matatar Ɗangote ta shigo kasuwa, farashin ya ɗan sassauta, amma bai ko kusanci inda yake a da ba.

To, bari mu yi lissafi na misali, irin wanda kowa zai iya yi a bayan takarda. A ce mutum yana tafiyar kilomita 1,000 a wata. Ƙaramar mota mai fulogi huɗu, in tana da lafiya, za ta sha kimanin lita 8 a kowace kilomita 100, wato lita 80 a wata. Tsohuwar babbar mota mai fulogi shida za ta iya shan lita 13, wato 130 a wata. Bambancinsu lita 50 ne. Lokacin da lita take N185, wannan bambanci N9,250 ne kacal, abin da mai son girma zai biya ko a jikinsa. Amma a kan N1,000 bambancin ya zama N50,000 a wata, N600,000 a shekara. Ku tuna mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a Yulin 2024 N70,000 ne. Mai fulogi takwas kuwa, ba a magana.

Wannan shi ya sa tun daga tsakiyar 2023 jaridu suka yi ta kawo labarin masu manyan motoci suna jingine su a gida, wasu suna kai su bakin titi da alamar sayarwa, masu saye kuma sun koma neman Corolla da Golf da ire-irensu. Masu sayarwa suka yi yawa, masu saye suka yi kaɗan. Manomin Jigawa ba ya bukatar a koya masa abin da kan biyo baya, domin ya san yadda gero kan yi a kasuwa lokacin kaka.

Akwai kuma wata faɗuwar da ba a gani a baki. Wani zai ce, "Ai ni motata N5,000,000 na saye ta, yau ma in na so N5,000,000 zan sayar, ina faɗuwar take?" Sai mu tambaye shi abin da kuɗin nan za su saya. A Mayun 2023 'yan canji na Wapa a Kano suna sayar da dala wajen N750. A Fabrairun 2024 ta haye N1,500. Ke nan miliyan biyar ɗin da ta kai dala 6,600 da 'yan kai ta koma dala 3,300 da 'yan kai. Hauhawar farashin kaya kuma, bisa ƙididdigar gwamnati, ta wuce kashi 34 cikin 100 a ƙarshen 2024. Motar da lambar kuɗinta ta tsaya cik a irin wannan lokaci ta yi asarar kusan rabin darajarta, ko da mai ita bai ji ƙarar faɗuwar ba.

Farashi biyu a kan mota ɗaya

Abin mamaki shi ne, wanda ya ji labarin faɗuwar nan ya garzaya wurin masu sayar da motoci a Kano, sau da yawa yakan tarar kuɗin da ake faɗa masa bai sauko ba. Shi kuwa wanda ya kai tasa domin ya sayar, sai a yi masa tayin da zai sa ya ji jiri. Mota iri ɗaya, shekara ɗaya, kasuwa ɗaya, amma farashi biyu. Dalilan haka uku ne, kuma ya kamata mu san su kafin mu zagi kowa.

Na farko, mai shigo da mota ba ya duba abin da ya biya jiya. Abin da zai biya gobe in zai maye gurbinta shi yake dubawa. Kafin Yunin 2023 hukumar kwastan tana lissafin kuɗin fito a kan dala ɗaya wajen N422. Zuwa Fabrairun 2024 lissafin ya wuce N1,400. Ga kuɗin motar kanta da dala, ga kuɗin jirgin ruwa da dala. Gaskiya ne a Amurka farashin tsofaffin motoci, wanda ya yi tashin gwauron zabi a 2021 saboda ƙarancin sababbi bayan annobar korona, ya fara saukowa tun 2022. Amma karyewar naira ta haɗiye wannan sauƙi tun kafin ya iso bakin tekun Ikko. Don haka motar da aka shigo da ita kai tsaye ta ƙara tsada ne. Wadda ta faɗi ita ce babbar motar da aka riga aka hau a nan gida. Mai wayo cikin masu sayarwa kuma yakan wanke wannan ta gida, ya ajiye ta kusa da waccan, ya sa musu kuɗi kusan ɗaya.

Na biyu, wanda ya sayi babbar mota domin ya sake sayarwa ya san za ta iya yin wata shida a filinsa ba a taya ba. Kuɗinsa sun kwanta, batir yana mutuwa, taya tana bushewa a rana, ga kuɗin fili da na maigadi. Saboda haka tun wurin saye yake cire wannan hasara daga aljihun mai kawowa. In kuma ya ga alamar mai motar a matse yake, kuɗin makaranta ko na asibiti sun taso shi, sai ya ƙara danne tayin. Ya san mai bukata ba ya iya cewa albarka sau uku.

Na uku shi ne jerin dillalai. Dillanci sana'a ce tsohuwa a ƙasar Hausa, kuma la'ada halal ce in kowa ya san da ita. Wanda ya taɓa kai sa kasuwar Maigatari ranar Alhamis ya san amfanin dillali: shi ya san mai saye, shi ke tsayawa shaida in rigima ta taso. Amma cinikin mota a yau ta waya ake yinsa, hoto yana tafiya daga hannu zuwa hannu. A ce mai mota ya yarda da N4,000,000. Dillalin farko ya tura wa abokinsa a kan N4,300,000, shi kuma ya tura wa na Dutse a kan N4,600,000, kafin hoton ya iso Kafin Hausa ya zama N5,000,000. Kowa ya ɗora nasa, ga kuma la'adar da za a nema daga ɓangare biyu. Shi ya sa ba sa son mai saye da mai sayarwa su ga juna. Duk cinikin da aka ce maka mai motar ya yi tafiya, ba a samunsa ko a waya, ka san akwai abin da ake ɓoye maka.

Abin da fenti ke rufewa

Ko da an samu motar a kan kuɗin gaskiya, tambayar tsohon direbanmu tana nan. Wani yana gudun motarsa saboda mai kaɗai. Wani kuwa makanike ne ya raɗa masa cewa giya ta kusa tafiya. Manyan motocin nan na zamani kwamfuta ke tafiyar da su, kuma makaniken da ya ƙware a kan 504 da Golf ba lalle ya iya taɓa su ba. Ƙaramin abu ya lalace sai an je Kano, a shiga Ƙofar Ruwa neman kayan gyara, in ba a samu ba a jira daga Ikko. Ga injin da aka ƙera domin tataccen mai da baƙin mai na musamman, mu kuwa in dare ya yi mana a hanya na 'yan bumburutu muke zubawa.

Da yawa daga motocin da ake kawowa daga Amurka a wurin gwanjon motocin da suka yi hatsari ake sayo su, a gyara a nan, a fesa fenti. Akwai waɗanda ambaliya ta shanye, kamar dubban motocin da guguwar Harvey ta nutsar a Jihar Texas a 2017. Mu mutanen kwarin Haɗeja, da muka ga ambaliyar 2022, mun san abin da ruwa ke yi wa abin da ya kwana a cikinsa. Motar da ta sha ruwa takan tashi lafiya lau ranar ciniki, sai bayan watanni wayoyinta su fara ruɓewa ɗaya bayan ɗaya. Ana mayar da mitar tafiya baya. Ana kashe fitilar da ke gargaɗin ciwon inji. Ana yanke abin tace hayaƙi da ke jikin salansa, wanda makanikai ke kira indomi, a sayar da shi daban saboda ƙarfe mai tsada da ke cikinsa.

Sai maganar takardu. Daga 1 ga Janairu 2017 gwamnatin Shugaba Buhari ta hana shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa, amma wasu ba su daina biyo da su ta ɓarauniyar hanya ba. Irin wannan mota ba ta da takardar kwastan ta gaskiya, kuma ranar da jami'ai suka tare ta, wanda ke riƙe da sitiyari shi za a tambaya. Ku duba abin kunya, a ce motar da aka rubuta sunan ikilisiya a jikinta tana tsare saboda fasa-ƙwauri, ko kuwa a gano ta sata ce.

Ai muna bukatar mota mai ƙarfi

Ɗan'uwan da ya kawo hoton bai yi shiru ba, kuma maganarsa tana da hujja. Ya ce hanyoyinmu na ƙauye yashi ne da rani, taɓo da damina, ƙaramar mota cikinta zai riƙa dukan ƙasa. Ya ce mace mai naƙuda ba a ɗora ta a babur. Ya ƙara da cewa bawan Allah ma ya cancanci a ga mutuncinsa in ya je taro a Dutse.

Biyun farko gaskiya ne. Amma tsayin mota daban, girman inji daban. Akwai motoci masu tsayi daga ƙasa da injinsu fulogi huɗu ne, kayan gyaransu kuma suna ko'ina. Abin da ake biya wa kuɗi a motar gudu shi ne gudun, mu kuwa ina za mu yi shi? Dokar hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa ta tsayar wa motar gida kilomita 80 a awa a babbar hanya, 100 a tagwayen hanya. Motar da allonta ke nuna 240, fiye da rabin ƙarfinta haram ne a yi amfani da shi, amma kullum sai an ciyar da shi. Kuma mun ga yadda samari kan karɓi irin waɗannan motoci su yi wasan mota a wurin biki, ranar murna ta koma ranar makoki.

Mutanen ƙasar Haɗeja sun san doki. Sayensa ba shi ne wuya ba. Harawa da dusa da kanwa da ɗan kula da shi, kullum safe da yamma, ko an hau ko ba a hau ba, su ne ke raba mai doki da mai sha'awar doki. Game da mutunci kuwa, mun taɓa ganin motar alfarma da aka ba wani ma'aikacin bishara kyauta da kyakkyawar niyya. Albashinsa bai isa ya cika tankinta sau biyu ba. Ta yi shekara a gindin darbejiya, kaji suna kwana a ƙarƙashinta, shi kuwa ya koma kan tsohon babur ɗinsa, ga kunyar waɗanda suka ba shi ta hana shi sayarwa. Kyautar da ta zama kaya ke nan.

Abin da Maganar Allah ta ce wa mai saye da mai sayarwa

A Luka 14:28-30 Ubangijinmu ya kawo misalin mai son gina hasumiya, ya nuna cewa hankali shi ne a fara zama a ƙirga abin da aikin zai ci, don kada a kafa tushe a kasa ƙarasawa a zama abin dariya. Zancen almajiranci yake yi a wurin, amma da ya ɗauko misalin daga harkar kuɗi ya nuna mana cewa lissafi ba rashin bangaskiya ba ne. Akwai masu cewa a saya kawai, Allah zai ba da na mai. Allah mai bayarwa ne, hakika. Sai dai kuɗin baikon gwauruwa amana ne a hannun dattawa, kuma ba a gwada Allah da amanar wani. Wanda kuma zai ci bashi domin ya hau abin da ya fi ƙarfinsa, ya karanta Karin Magana 22:7 ya ga matsayin da mai cin bashi yake komawa a gaban wanda ya ba shi.

Amma kada mu ɗauka gargaɗin na dillalai ne kaɗai. Karin Magana 11:1 ta la'anci ma'aunin algus, kuma mitar da aka mayar baya ma'aunin algus ce, ko Kirista ne ya mayar da ita ko wani. A Karin Magana 20:14 kuwa mai saye aka zarga, wanda kan kushe kaya a gaban mai shi, in ya samu ya tafi yana fahariya. Littafin Firistoci 25:14 ya haɗa su biyun, ya hana cutar juna a saye da sayarwa. To, ɗan'uwan da ya san giyar motarsa ta kusa mutuwa, ya wanke ta ya sayar wa maƙwabcinsa bai faɗa ba, me ya raba shi da dillalin da muke kuka da shi? Haka nan wanda ya ga ɗan'uwansa a matse, yaro yana kwance a asibiti, ya ce yau ce ranar samun mota a rabin kuɗi. Mu tsiraru ne a wannan yanki, maƙwabtanmu Musulmi suna ganin cinikinmu tun kafin su ji wa'azinmu. Akwai dillalai masu tsoron Allah a cikinsu da cikinmu, waɗanda kan ce maka, "Wannan ba taka ba ce, bar ta." Irin su ya kamata mu nema, irin su kuma ya kamata mu zama.

Shawararmu

Ga mai son saye, mutum ɗaya ne ko ikilisiya, muna ba da shawara ya fara rubuta abin da zai iya kashewa a wata a kan mai da gyara, daga nan ya nemi motar da ta dace da wannan lissafi. Kada ya kashe duk abin da ke hannunsa ranar saye, domin tsohuwar mota ba ta rasa abin da za ta nema a watan farko. Kada ya yi cinikin biri a sama, ya tura kuɗi a kan hoto. Ya je da makanikensa na kansa, ban da wanda dillali ya kawo, a sa mata na'ura, a ɗaga ta a duba ƙasanta, a ɗaga shimfiɗar ciki a nemi alamar laka da tsatsa, a kuma hau ta tafiya mai ɗan nisa har inji ya yi zafi. A gwada lambar jikin motar, mai haruffa da lambobi 17, da wadda ke cikin takardu. In daga Amurka ta fito, da wannan lamba ana iya binciken tarihinta ta intanet. A kai takardar fito ofishin kwastan a tabbatar da ita. A nemi ganin mai motar ido da ido, a yanka la'adar dillali a fili, a rubuta yarjejeniya gaban shaidu.

Ga mai son sayarwa, kada ya tsaya kan tayin mutum ɗaya, kada kuma ya bar motarsa a filin wani ba tare da takardar da ta faɗi kuɗin da aka amince da ranar biya ba. In ya tabbata motar ta fi ƙarfinsa, jinkiri ba zai ƙara mata daraja ba, gama motar da ke ajiye ma lalacewa take yi. Ya faɗi aibunta, ya karɓi abin da Allah ya ba shi da zuciya ɗaya. Ikilisiya kuma ta lura da 'ya'yanta. In ɗan'uwa zai yi asarar miliyan saboda bukatar dubu ɗari biyu ta gaggawa, ai nan ne asusun taimakon juna ya kamata ya yi aiki.

Mu dai a nan, dattawa sun tura mutum biyu Kano tare da makanike. Suka tarar da motar kamar yadda take a hoto, har ta fi kyau. Amma da aka nemi takardar kwastan sai aka ce tana wurin mai ita, mai ita kuma ya yi tafiya. Suka yi godiya suka kamo hanyar gida. An gyara babur ɗin mai bishara, an kuma yi magana da wani direban haya a gari wanda za a riƙa kira in larura ta taso da dare, a biya shi daga asusu. Sauran kuɗin suna nan, ana ci gaba da tarawa, har a samu mai fulogi huɗu da takardunta cikakku. Wasu sun ji haushi, ba mu kuwa ga laifinsu ba, domin motar ta yi kyau ƙwarai.

Ubangiji ya ba mu hikimar riƙon abin da ya danƙa a hannunmu, ya sa gaskiya a bakinmu ran da muke saye da ran da muke sayarwa, ya kuma kiyaye dukan matafiya a kan hanya. Amin.